Dokar giya a Kano: a tsayar mana da magana ɗaya

Haifaffen Sabon Gari:
Salama alaikum jama'ar zaure. Shugaba, a yi min afuwa, maganar da zan kawo ba kowa ne zai ji daɗinta ba, amma ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ni Kirista ne, a Sabon Gari aka binne cibiyata, kuma shagon da nake zaune a ciki gadonsa na yi daga mahaifiyata: farfesu, gasasshen kifi, da giya ga mai sha. Ban taɓa tare Musulmi a hanya na ce ya shigo ba.

Tun 2004, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka gyara dokar laifuka ta jiha, aka haramta yin giya da dakonta da ajiye ta da sayar da ita. Ba ga Musulmi kaɗai ba, ga kowa da kowa. Hukuncin tarar naira 50,000 ne, ko ɗaurin shekara ɗaya. To amma duk wanda ya ratsa Enugu Road bayan isha'i ya san kujeru a cike suke, kuma ba a ɓoye ake yi ba. Ke nan a takarda kullum ni mai laifi ne, a zahiri kuma an zuba min ido. Ranar da aka ga dama sai a tare motar kaya kafin ta shigo gari. Dila ya ɗora asarar a kan kowane kiret, ni kuma ba ni da inda zan kai kuka, don wa zan je in ce wa an kwashe min haramtaccen kaya?

Abin da nake roƙo shi ne a tsayar da magana ɗaya. In an hana, a hana kowa, har manyan wuraren da masu kuɗi ke zuwa. In kuwa an san ba za a iya ba, a ba mu lasisi da sharuɗɗa, mu biya haraji, mu san iyakarmu.

Dattijon Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam. Yaro, na ji kukanka, kuma ka yi magana da ladabi, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ka sani ba da bakin bindiga aka kawo dokar nan ba. Ina filin Idi a watan Yunin 2000 ranar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin Kwankwaso. Jama'a ce ta matsa, bayan Zamfara ta fara. Mutanen da suka cika filin nan ba hayarsu aka yi ba. In mafi yawan mutanen jiha sun ce ba sa son abu a garinsu, kuma majalisarsu ta sa hannu, ai dimokuraɗiyyar da ake ta faɗa ke nan.

Haifaffen Sabon Gari:
Baba, ina gaisuwa. Ban musa ba. Amma abin da aka gaya mana a wancan lokacin shi ne Shari'a ba za ta shafi wanda ba Musulmi ba. Da wannan aka kwantar wa iyayenmu hankali, wasu har sun ɗaure kaya za su tafi suka kwance.

'Yar Fagge:
Ni dai kar ma a fara. Mu da muke maƙwabtaka da ku mu muka san abin da muke gani. Titi ɗaya ya raba mu. Akwai wata baiwar Allah da muke haya gida ɗaya da ita, mijinta ɗan adaidaita sahu ne, Musulmi ɗan Musulmi. Duk abin da ya samu da rana, can yake kai shi da dare. Sai wajen ƙarfe ɗaya ka ji yana dukan ƙyaure, ita kuma ta tura yaran ɗakina su kwanta don kar su ga abin da zai biyo baya. Da safe ta zo aron garin tuwo da mayafi a rufe da rabin fuska. Kai ka ce ba ka kira Musulmi ba, na yarda. Amma in ya shigo da ƙafarsa, korarsa kake yi?

Haifaffen Sabon Gari:
Yaya, gaskiya ba na tambayar mutum addininsa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, Hausawa Musulmi suna cikin masu zuwa, wasu ma a mota suke zama a miƙa musu a baƙar leda. Abin da ya sami maƙwabciyarki ya taɓa ni, ni ma ina da 'ya'ya mata. To amma ki duba: dokar tana nan shekara ashirin da ɗoriya, ba ta hana mijin nan sha ba. Da lasisi ne a hannuna aka ce in na sayar wa yaro, ko na wuce ƙarfe goma sha ɗaya, ko na ƙara wa wanda ya riga ya bugu za a ƙwace, da ina da abin da nake tsoron rasawa. Yanzu ba ni da komai a hannu, don haka ba abin da za a ƙwace.

'Yar Fagge:
Ko kuma a rufe gaba ɗaya kowa ya huta.

Ɗalibar Shari'a:
Bari in sa baki ta ɓangaren doka, don na ga ana haɗa abubuwa uku wuri ɗaya.

Hana giya a Arewa ya girmi 2000 nesa ba kusa ba. Tun zamanin Lugard Turawa suka hana shigo da barasar kwalba don sayar wa 'yan ƙasa a nan, bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1890. Wuraren da aka sassauta su ne unguwannin Turawa da na baƙi irin Sabon Gari, wadda aka kafa wajen 1913. Da aka zo dokar laifuka ta Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ita ma ta hukunta Musulmin da ya sha, ta ƙyale wanda ba Musulmi ba. Dokar Shari'a ta 2000 ma Musulmi ta shafa, bulala 80. Gyaran 2004 ne ya zo da sabon abu, domin ta cikin dokar da ke kan kowa aka bi, ba ta kotun Shari'a ba. A nan ƙorafin mai shago yake, kuma yana da tushe.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa bayar da lasisin sayar da giya da kula da shi cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Sabon Gari kuwa a ƙaramar hukumar Fagge take. Masu goyon bayan dokar za su ce jiha ce ke tsara ayyukan ƙananan hukumomi, kuma majalisarta na da ikon yin doka don tsare tarbiyya da lafiyar jama'a. Masu suka za su ce kula da abu daban, soke shi daban. Ni ra'ayina gyaran 2004 ya zarce gona da iri, amma ra'ayin ɗaliba ne, ba hukuncin alƙali ba.

Matashin Kurna:
Duk wannan dogon Turanci ne. Kano garin Musulunci ne. Wanda bai iya zama da dokarmu ba, tasha a buɗe take, ya koma garinsu.

Shugaban Zaure:
Matashin Kurna, wannan ba ta cikin tsarin zauren nan. Ka kawo hujja ko ka yi shiru. Gargaɗi na farko.

Haifaffen Sabon Gari:
Shugaba, bar shi in ba shi amsa, ba da faɗa ba. Ƙanina, wane gari? Kakana aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kano, a nan ya rasu, a nan aka binne shi. Mahaifiyata a nan ta tsufa. Ni in na je ƙauyen da ake cewa namu, Bakano suke kirana, don yarensu ma ba na ji sosai. Kuma ka ajiye ni gefe: Maguzawan da ke ƙauyukan kudancin jihar nan, masu dafa burkutu da dawar gonarsu tun kaka da kakanni, su wane gari za su koma?

Malamin Islamiyya:
Bismillah. Zan yi magana biyu, kuma ina roƙon kowane ɓangare ya saurari wadda ba ta yi masa daɗi ba.

Ta farko, haramcin giya ga Musulmi ba wurin muhawara ba ne. Ayar Ma'ida ta 90 ta yanke magana, kuma hadisi ya la'anci mutum goma a kanta, har da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Don haka Musulmin da ke dakonta a motarsa, ko ya ba da hayar shagonsa ana sayarwa, ko ya karɓi na goro ya kau da kai mota ta wuce, ya san inda ya tsaya. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa da shi a wa'azi.

Ta biyu, malaman fiƙihu ba su ɗauki giyar wanda ba Musulmi ba kamar ta Musulmi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, haka ma a ta Hanafiyya, in Musulmi ya zubar da giyar wanda ba Musulmi ba da ke zaune da amana a cikin Musulmi, zai biya shi kuɗinta, domin a wurinsa dukiya ce. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce babu biya. Amma duka sun haɗu a kan sharaɗi guda: kada ya bayyana ta a tsakanin Musulmi, kada ya sayar musu. To ka ga mai shago yana da haƙƙi, akwai kuma haƙƙi a kansa. Kujeru a bakin titi da kiɗa har tsakar dare, da baƙar ledar nan da ya ambata da bakinsa, sun karya sharaɗin.

Dattijon Ƙofar Mata:
Allah gafarta Malam, maganar biyan kuɗin nan yau na fara jin ta. Amma ai hukuma ce ke fasa kwalaben da aka kama, ba wani mutum haka kawai ba, kuma da umarnin kotu ake yi.

Malamin Islamiyya:
Haka ne Alhaji, shugaba na da ikon hana abin da ya ga zai ɓata jama'a. Abin da nake so a gane shi ne kada mu riƙa cewa addini ne ya wajabta mana hana Kirista sha a cikin gidansa. Wannan zaɓin hukuma ne, ana iya tattauna shi ba tare da an kafirta kowa ba.

Mai Lissafi:
Ni inda abin ke ɗaure min kai shi ne kuɗi. A Nuwamban 2013 Hisbah ta sa katafila ta murƙushe kwalba 240,000. A Nuwamban 2020, zamanin Ganduje, an fasa 1,975,000 a Kalebawa ta Dawakin Tofa, aka ce kuɗinsu ya kai naira miliyan 200. A Fabrairun 2022 kusan miliyan 4. Adadin hawa yake yi, ba sauka ba. Mai goyon baya zai ce aiki ya ƙaru, ni kuma ina ganin shaida ce cewa kasuwar ba ta mutu ba.

Sannan ga harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Wanda aka karɓa a kan giya a Legas da Fatakwal tukunya ɗaya yake shiga, a raba da Kano da ƙananan hukumominta 44. Abin da aka riƙa yi mana gori da shi ke nan a 2021, lokacin da jihar Ribas, zamanin gwamna Wike, ke shari'a da hukumar haraji ta tarayya a kan VAT. Ni Musulmi ne, ban taɓa sha ba, amma gorin nan ya yi min ciwo saboda ban sami amsar da ta gamsar da ni ba.

Ɗan Dawanau:
Mai Lissafi, amsa tana nan. Katin waya da mutanen Kano ke sakawa kullum, da siminti, da sukari, da hada-hadar banki, duk muna biyan VAT a kansu, amma da yake hedikwatar kamfanonin a Legas take, can aka riƙa rubuta shi. Giya ɗan ƙaramin yanki ce a cikin tukunyar. In za a ware, a ware duka, mu ga wanda zai yi kuka.

Amma tunda an zo maganar gaskiya, bari in faɗi wadda ta shafe mu mu 'yan hatsi. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, kamfanonin giya suka koma dawa. Dawar nan ba daga sama take faɗowa ba. Wakilai na zuwa kasuwa su ce farar dawa suke so, busasshiya, marar tsakuwa, tirela kaza. Ba mai tambayar inda za ta. Wani zai ce ai ana yin Maltina da ita, ana yin abincin kaji, kuma gaskiya ne. Amma kowa a rumfa ya san ba duka ke tafiya can ba. Kasuwarmu da filin da ake fasa kwalaben ƙaramar hukuma ɗaya suke. Ni kaina abin yana damuna, na taɓa kai tambayar gaban malamai biyu.

Malamin Islamiyya:
In ka tabbatar giya za a yi da ita, kada ka sayar. In ba ka sani ba, ba a ɗora maka binciken kowane mai saye ba. Ka same ni ta akwatin sirri mu yi maganar a tsanake.

Direban Tirela:
Ku bari mu da muke kan hanya mu faɗi tamu. Ni ba na ɗaukar giya, ko nawa za a ba ni, na sha alwashi tun ina yaron mota. Amma abokan aiki na ɗauka, galibi daga Kaduna, tunda akwai kamfanin giya a can. Kuɗin dakonta ya fi na sauran kaya saboda haɗarin da ke ciki. A jera katan ɗin lemo ko buhunan dusa a baya, a ja tamfol, a taso da dare. Kafin a iso Kwanar Ɗangora an san wuraren da za a tsaya a gaisa, kun gane. In an yi rashin sa'a, wa ake kamawa? Direba da yaronsa. Mai kayan yana gida yana barci, motar kuma ta yi wata da watanni a ajiye, tayoyi su sace, batir ya mutu, iyalin direba su shiga wani hali.

Wani abu kuma, kwalbar da kiret ɗin ba na mai shago ba ne. Mayarwa ake yi kamfani a sake cikawa, dila ya ajiye kuɗi a kansu. In an bi ta kansu da katafila, asara biyu aka yi. Ko don gilashin da ke zube a daji, ai da a tsiyaye abin da ke ciki a bar kwalbar.

'Yar Fagge:
A mayar musu da kwalba su sake cikowa su dawo da ita? Haba Malam Direba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma akwai abin da nake so iyaye a zauren nan su ji. Yaran da ake kawo mana a sume ko suna fizge-fizge, mafi yawansu ba giya ce ta kai su ba. Giya tana da tsada, tana da wari, uwa za ta gane tun daga zaure. Tiramol da sauran ƙwayoyi da maganin tari mai kodin ba su da wari, suna shiga aljihu, suna shiga jakar makaranta, har ɗakin amare suna shiga. Sai a Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC ya tona yadda abin ya yi ƙamari, kuma Kano na cikin wuraren da aka nuna. Ba ina cewa a saki giya ba ne, na ga hantar da ta lalata, na ga haɗarin mota. Ina cewa ne ranar fasa kwalabe ana gayyatar 'yan jarida da manyan baƙi, amma gadon kwantar da yaron da ke son ya daina shaye-shaye sai an sha wuya ake samu. Ƙarfin da ake sawa can, a raba shi biyu.

Dattijon Ƙofar Mata:
'Yata, wannan gaskiya ce tsantsa, a unguwarmu ma muna fama. Sai dai ɓarna ɗaya ba ta zama hujjar buɗe wa wata ƙofa. A yaƙi duka biyun.

Matashin Kurna:
To in an ba su lasisi a Sabon Gari, gobe na Badawa su ce su ma, jibi na Brigade. Ina za a tsaya?

Haifaffen Sabon Gari:
Yauwa, wannan tambaya ce ta gaskiya, na gode. A tsaya inda doka ta ja layi. Yanzu da ba layin, ka tabbata ba a sayarwa a wuraren da ka lissafa? A kasuwannin bariki ana sayarwa, don jiha ba ta da iko a can. Mai hali ya shiga can ko babban otal ya sha a cikin sanyi, ba mai ɗaga masa murya. Matsin duk a kan mai teburi shida yake ƙarewa, da direba.

Malam, na ji sharuɗɗan da ka kawo, kuma ni zan iya zama a kansu: ba kujera a bakin titi, ba kiɗa bayan ƙarfe goma, ba kusa da masallaci ko makaranta ba, ba miƙa wa kowa a mota. Wasu abokan sana'ata ba za su so ba, don cinikin zai ragu sosai. Ni na gwammace ciniki kaɗan da kwanciyar hankali. Abu ɗaya ne ban san yadda za a yi da shi ba, wato tantance Musulmi a bakin ƙofa, don ba a rubuta wa kowa a goshi ba, kuma sunaye irin su Yakubu da Musa da Maryamu duk muna da su.

'Yar Fagge:
Ka ga inda gizo ke saƙar ke nan. Muddin shagon na buɗe, mijin maƙwabciyata zai sami hanya. Ni ban sauka daga ra'ayina ba.

Ɗalibar Shari'a:
Wannan nauyin ai ba sai an ɗora wa mai shago shi kaɗai ba, dokar da ke hukunta Musulmin da ya sha tana nan daram. Shawarata, maimakon a yi ta yi a waya, masu shaguna su rubuta takardar koke zuwa Majalisar Dokokin Jiha ta hannun ɗan majalisar Fagge, su nemi a yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan gyaran 2004. Zan iya taimakawa da tsara rubutun kyauta. Sai dai ku sani duk wanda ya sa hannu ya amsa da kansa cewa yana sayarwa, don haka ku fara ganin lauya mai lasisi, wataƙila ta sunan ƙungiya za a shigar.

Haifaffen Sabon Gari:
Na gode ƙanwata. Muna da taron masu shaguna ranar Lahadi bayan an taso daga coci, zan kai maganar.

Dattijon Ƙofar Mata:
In an sa ranar zaman a sanar a zauren nan. Zan je, kuma ina gaya maka tun yanzu, yaro, suka zan je yi. Amma zan nemi a ba ka dama ka gama maganarka ba a katse ka ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni ma a sa ni. In an ba da dama zan yi magana a kan wuraren kula da masu shaye-shaye.

Shugaban Zaure:
Ɗalibar Shari'a, in kin gama daftarin ki turo min tukuna kafin ya shiga zaure. Masu turo hotunan shagunan mutane da lambobin motoci, na goge su, kada a sake.